SA'AD DA LINZAMIN KWAMFUTA YA ƘI MOTSI

Gabatarwa

Yawancin masu koyon kwamfuta magani ɗaya suka sani ga kowace irin matsala, wato su danne maɓallin wuta har na'urar ta mutu, sa'an nan su sake kunnawa. An fi ganin wannan hali sa'ad da linzami ya daskare. Linzami shi ne ƙaramin abin nan da muke turawa a kan tebur domin mu motsa kibiyar da ke fuskar kwamfuta. Turawa sun ba shi sunan ɓera saboda siffarsa da wayar da ke binsa kamar wutsiya, masu gyara kuwa suna ce da shi maus.

Kashe na'ura da gaggawa yana jawo hasara. Duk abin da muke rubutawa, muddin ba mu adana shi ba, yana zaune ne a cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ba ta riƙe kome in babu wuta. Manhajar rubutu ta Word takan ajiye wa kanta kwafi kowane minti 10 in ba a canja saitinta ba, amma minti 10 sun isa malami ya shigar da makin rabin aji, ko ɗalibi ya rubuta sakin layi biyu ko uku. Waɗansu manhajojin kuma ba su ajiye kome ko kaɗan. Haka nan, in aka yanke wuta lokacin da na'ura take tsakiyar rubuta fayil, fayil ɗin yana iya lalacewa har ya ƙi buɗuwa.

Abin da wannan darasi yake so ya koya mana shi ne, sau da yawa in linzami ya tsaya, kwamfutar kanta tana nan da rai. Za mu iya ceton aikinmu da allon maɓallai, wato kibod, mu bi sawun matsalar mataki mataki, mu farfaɗo da linzamin ba tare da mun kashe kome ba.

Yadda linzami yake aiki

Wani injiniya mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙago linzami a cibiyar bincike ta Stanford da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Abokin aikinsa Bill English ya haɗa na farko da katako a 1964, aka kuma nuna shi a gaban jama'a ranar 9 ga Disamba, 1968. Ya shiga hannun mutane sosai bayan da kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar Macintosh a 1984. Kafin lokacin, da kibod ake yin kusan kowane aiki, har wa yau kuwa masu tsara manhajoji ba su rufe wannan tsohuwar hanya ba. Ita ce za ta taimake mu.

Daga hannunmu zuwa kibiyar da muke gani, saƙo yana bi ta zango 5. Na fari, idon da ke ƙarƙashin linzami, wanda yake ɗaukar hotunan shimfiɗar tebur fiye da sau dubu a daƙiƙa ɗaya yana gwada su da juna domin ya san inda aka tura shi. Na biyu, waya, ko batir da rediyo in linzamin marar waya ne. Na uku, kafar da aka cusa wayar a jikin kwamfuta. Na huɗu, direba, wato ƙaramar manhajar da take fassara saƙon linzami. Na biyar, babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, kamar Windows ko Linux, tare da sauran manhajojin da suke buɗe.

Wanda famfon gidansa ya daina kawo ruwa yakan fara da bakin famfo, ya bi bututu, ya duba tanki. Haka mu ma za mu bi waɗannan zanguna bi da bi, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya.

Mataki na 1: Mu tabbata na'urar tana da rai

Mu danna maɓallin Caps Lock ko Num Lock, mu dubi ƙaramar fitilar da ke kan kibod. In tana kunnuwa tana mutuwa yayin da muke dannawa, babbar manhaja tana jinmu, gama ita ce take ba fitilar umarni. In kibod ɗinmu ba shi da fitila, mu danna maɓallin Windows, mai hoton taga. In jerin manhajoji ya ɓullo, to, albishirinmu, linzami kaɗai ya sami matsala.

Mataki na 2: Mu adana aiki tukuna

Kada mu taɓa waya ko batir sai mun yi wannan. Mu riƙe Ctrl mu danna S. In sabon fayil ne, za a tambaye mu suna. Mu rubuta, mu danna Enter. In muna da manhajoji da dama a buɗe, mu riƙe Alt mu riƙa danna Tab har mu kai kan kowace ɗaya, mu adana abin da ke cikinta. A kwamfutar Apple, Command da S ne suke yin wannan aiki.

Ga maɓallan da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace:

1. Tab: tsallakawa daga akwati zuwa akwati a cikin taga. Shift da Tab: komawa baya.
2. Maɓallan kibau huɗu: hawa da sauka a cikin jeri.
3. Enter: amincewa. Esc: fasawa.
4. Dogon maɓallin tazara: sa alama ko cire ta a cikin akwati.
5. Shift da F10: daidai yake da danna kunnen dama na linzami.
6. Alt da F4: rufe tagar da muke ciki.

Mataki na 3: Linzamin aro a cikin kibod

Tun daga Windows 95 akwai wata dabara da aka shirya domin waɗanda ba sa iya riƙe linzami, ana kiranta Mouse Keys. Mu riƙe Alt na hagu da Shift na hagu, mu danna Num Lock. Za mu ji ƙara, akwati ya fito yana tambaya ko mun yarda. Mu kai kan Yes mu danna Enter. Daga nan lambobin da ke gefen dama na kibod sun zama linzami: 8 sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, 7 da 9 da 1 da 3 kuma kusurwoyi. Lamba 5 ita ce dannawa, alamar tarawa kuma dannawa sau biyu. Kibiyar ba ta da sauri, amma sannu ba ta hana zuwa. Ƙananan kwamfutocin cinya waɗanda ba su da waɗannan lambobi na gefe, sai dai a dogara ga maɓallan da muka lissafta a sama.

Mataki na 4: Mu duba jikin linzamin

Mu juya shi mu dubi cikinsa. Yawancin linzamai suna da jan haske a ƙasa. In hasken yana ci, wuta tana isa gare shi. Waɗansu kuwa haskensu ido ba ya gani, saboda haka rashin haske ba kullum yake nuna mutuwa ba. Mu goge idon da auduga busasshiya. Gashi ɗaya ko ƙurar hunturu ta isa ta makantar da shi. Sa'an nan mu shimfiɗa masa takarda marar ƙyalli, domin gilashi da tebur mai sheƙi suna ruɗa idon, ba ya samun alamun da zai gwada.

In tsohon linzami ne mai ƙwallo a ciki, irin wanda aka fi amfani da shi kafin masu haske su bazu daga 1999, mu murɗa zoben da ke riƙe da ƙwallon, mu fitar da shi, mu kankare dauɗar da ta naɗe a kan ƙananan sandunan da ke ciki, mu mai da shi.

Mataki na 5: Waya, batir da kafa

Kafar USB, wadda ta fito a 1996, an yi ta ne domin a iya cirewa a cusa alhali na'ura tana kunne. Mu zare wayar linzamin, mu ƙirga goma, mu mayar. Windows takan yi ɗan sauti sa'ad da ta gane an cusa abu. In ba ta yi ba, mu gwada wata kafar, musamman waɗanda suke bayan akwatin kwamfutar tebur, gama su a manne suke da babban allon na'urar, na gaba kuwa wata waya ce ta ciki take haɗa su, tana kuma iya sakewa.

Mu lura da ƙananan akwatunan nan masu raba kafa ɗaya ta zama huɗu. Kafar USB 2.0 tana ba da wuta bolt 5, ƙarfinta bai wuce miliyamfiya 500 ba. In aka jona wayar hannu da filasha da linzami duk a kan akwati ɗaya marar tasa wuta, abin da ke isa ga kowannensu yakan kasa. Mu cusa linzamin kai tsaye a jikin kwamfuta.

Waya kuma takan karye daga ciki, yawanci a wuyan linzami inda take lanƙwashewa kullum. In muka motsa wurin muka ga haske yana zuwa yana ɗaukewa, wayar ta gama aiki, sai a nemi wani linzamin.

Ga linzami marar waya, mu duba ɗan makunnin da ke ƙasansa, mu kashe mu kunna, mu sa sabon batir. Mu zare ƙaramin makarɓin saƙo da ke cikin kafar USB, mu mayar. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: kamfanin Intel ya bayyana a 2012 cewa na'urorin USB 3.0, waɗanda kafarsu takan zama shuɗiya a ciki, suna iya fitar da hayaniyar rediyo da take damun linzamai masu aiki a kan zangon gigahaz 2.4. Saboda haka in kibiya tana tsalle-tsalle, mu nisanta makarɓin daga shuɗiyar kafa da abin da aka cusa mata. In linzamin Bluetooth ne, mu riƙe maɓallin Windows mu danna I, mu rubuta Bluetooth a akwatin nema, mu kashe shi mu sake kunnawa da dogon maɓalli.

A kwamfutar cinya kuwa, sau da yawa mutum ne yake kashe faifan shafawa da kansa bai sani ba. Mu duba jerin maɓallan F1 zuwa F12, mu nemi wanda yake da hoton faifan, mu danna shi tare da Fn. Wurinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Abin lura game da tsohuwar kafa

Waɗansu kwamfutocin tebur suna da zagayayyar kafa mai suna PS/2, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Bakin wayarta yana da ƙananan allurai 6. Koriya ta linzami ce, mai launin shunayya kuwa ta kibod. Ba a yi wannan kafa domin a cire a cusa da wuta a kunne ba. Yawanci na'ura takan nemi abin da ke cikinta lokacin tashi ne kaɗai, cusawa da ƙarfi kuma yana lanƙwasa alluran. In irin wannan linzami ya tsaya, mu bar shi a inda yake, mu kawo na USB mu cusa. Kwamfuta tana karɓar linzami biyu a lokaci ɗaya.

Mataki na 6: Mu ta da direba

In linzamin yana aiki a wata kwamfutar amma ya ƙi a tamu, zargi ya koma kan direba. A Windows 10 da Windows 11 ga yadda ake yi. A kwamfutocin makaranta wannan mataki yana bukatar izinin mai kula da ɗakin, domin haka ɗalibi ya kira malami.

1. Mu riƙe maɓallin Windows mu danna R, mu rubuta devmgmt.msc, mu danna Enter. Tagar Device Manager za ta buɗe.
2. Mu danna Tab sau ɗaya domin mu shiga jerin, mu sauka da kibiyar ƙasa zuwa Mice and other pointing devices.
3. Mu danna kibiyar dama, sunan linzaminmu zai fito. In akwai alama mai ruwan ɗorawa a kansa, Windows da kanta ta ga matsala.
4. Mu sauka kansa, mu danna Shift da F10, mu zaɓi Uninstall device, mu amince. In an nuna akwatin share direban ɗungum, kada mu sa masa alama.
5. Mu danna Alt, mu je kan Action, mu zaɓi Scan for hardware changes. Windows za ta sake gano linzamin kamar yanzu aka kawo shi, ta ɗora masa direba.

Mu yi hankali kada mu cire wani abu a ƙarƙashin sashen kibod, gama in shi ma ya tafi, ba mu da sauran hannu.

In linzami ya saba mutuwa bayan an bar kwamfuta ta ɗan huta, mai yiwuwa Windows ce take yanke wa kafar wuta domin tattali. A cikin wannan taga, ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, a buɗe USB Root Hub da Enter, a je shafin Power Management, a cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe na'urar.

Mataki na 7: In wata manhaja ce ta riƙe hanya

Wani lokaci kibiya tana motsi amma dannawa ba ta yin kome, ko kuwa tana tafiya da ƙyar kamar mai ɗingishi. Wannan alama ce cewa wata manhaja ta cinye ƙarfin na'urar. Mu ba ta minti biyu ko uku tukuna, domin takan farfaɗo da kanta. In ta ƙi, mu danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Mu sauka kan manhajar da aka rubuta wa Not responding, mu danna Shift da F10, mu zaɓi End task. Mu sani fa, abin da ba a adana a cikin wannan manhaja ba zai tafi, amma na sauran yana nan.

In sandar ƙasa da gumakan fuskar kwamfuta ne suka ƙi amsawa, mu nemi Windows Explorer a cikin jerin nan, mu zaɓi Restart. Fuskar za ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, ba tare da an rufe takardunmu ba. In kuwa hoton gaba ɗaya ne ya daskare alhali fitilar Caps Lock tana amsawa, mu danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare. Za mu ji ƙara, fuskar ta ƙifta. An ta da direban hoto ke nan.

Ga masu Linux

A Ubuntu, Ctrl da Alt da T suna buɗe tagar umarni. Umarnin lsusb yana nuna ko na'ura ta ga linzamin. Domin a ta da direban faifan shafawa ko linzamin PS/2, a rubuta sudo modprobe -r psmouse, a danna Enter, sa'an nan sudo modprobe psmouse. Na USB kuwa sunan direbansa usbhid, amma shi ne kuma yake riƙe da kibod na USB. Saboda haka dole a rubuta umarnin cirewa da na mayarwa a layi ɗaya, kamar haka: sudo modprobe -r usbhid; sudo modprobe usbhid. Wanda ya raba su biyu zai iske ba shi da abin da zai rubuta na biyun da shi.

In duk sun ƙi

Akwai ranar da ba makawa sai an sake ta da na'ura. Ko a ranar ma, a bi ta ƙofa. Bayan mun adana kome, mu riƙe maɓallin Windows mu danna D domin mu koma fili, mu danna Alt da F4, mu zaɓi Restart da kibiya, mu danna Enter. Danne maɓallin wuta sai in fitilar kibod ta daina amsawa, Ctrl da Alt da Delete ba su kawo kome ba, mun kuma jira mintoci da dama.

Kalma ga 'yan ajin ƙarshe

Tun daga 2015 hukumar JAMB take gudanar da jarrabawarta ta shiga jami'a a kan kwamfuta gaba ɗaya. A 2017 ta shigo da tsarin da ɗalibi zai iya amsa tambayoyi da kibod kaɗai: A, B, C da D domin zaɓen amsa, N domin tambaya ta gaba, P domin ta baya. Ku karanta umarnin da za a nuna muku a ranar da kyau, musamman game da maɓallin miƙa aiki, kada ku taɓa shi kafin ku gama. In linzami ya tsaya muku a ɗakin jarrabawa, kada ku taɓa waya, kada ku kashe kome. Ku ɗaga hannu ku kira mai sa ido, ku ci gaba da kibod in yana amsawa, gama agogo ba ya jiran kowa.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Kowane ofis da ɗakin kwamfuta ya ajiye linzamin USB ɗaya mai waya da batura biyu a aljihun tebur. A riƙa rufe na'urori da ƙyalle bayan aiki, musamman da hunturu. Kada a naɗe waya a jikin linzami da ƙarfi. Mu kuma saba wa yatsunmu da Ctrl da S, duk sa'ad da muka gama sakin layi mu danna. Iyayenmu da 'yan'uwanmu masu aikin lissafin ƙungiya ko na kasuwanci, su ma mu koya musu wannan sa'ad da muka koma gida hutu.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa aikin da ba a adana ba yake ɓacewa in an kashe kwamfuta?
2. Lissafta zango 5 da saƙon linzami yake bi.
3. Yaya za ka gane kwamfuta tana da rai alhali kibiya ba ta motsi?
4. Mene ne bambancin kafar USB da ta PS/2 wajen cirewa da cusawa?
5. Me ya sa ake rubuta umarnin usbhid biyu a layi ɗaya?

Aikin yi: A darasin kwamfuta na gaba, kowane ɗalibi ya kifar da linzaminsa na minti 10. Ya buɗe manhajar rubutu, ya rubuta sunansa da ajinsa, ya adana fayil ɗin, ya rufe manhajar, duk da kibod kaɗai. Wanda ya gama ya taimaki na kusa da shi.